Rigar Shat Daidai Jikina

A gidanmu na Birnin Kudu tela bai taɓa sa mini tef a jiki ba. In salla ta matso, Yayana ne yake zuwa a auna shi, a ɗinka mana kaya a kan awonsa, nasa da nawa. Yaya direba ne, yana jan motar haya tsakanin garinmu da Kano, kuma Allah Ya ba shi jiki: kafaɗa, wuya, tumbi, ba abin da ya rasa. Ni kuwa siriri ne tun ina yaro, har yau ban sauya ba. In na sa kaftanina sai na naɗe hannu sau biyu kafin in ci tuwo. In na yi ƙorafi, mahaifiyarmu, Inna, takan ce, "Za ka yi jiki ka cika shi." Na kai shekara ashirin da biyar ana jiran in yi jiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gidanmu riga ba ta mutum ɗaya ba ce. Wanda ya riga tashi ya ga wankakkiya a kan igiya, tasa ce ranar nan. Zumunci ake kiran wannan. Amma ni na san amfanin wa ake yi: an ɗinka nawa da faɗi ne don su shiga Yaya, kuma sukan dawo mini da warin fetur da baƙin mai a bakin aljihu. Ban taɓa ajiye riga na dawo na tarar da ita yadda na bar ta ba. Abin yana cina tun ban san yadda zan faɗe shi ba.

Da aka yanke mu daga Kano aka ba mu Jigawa, sai aiki ya buɗe. Na samu na malamin gona, aka ce in kama aiki a Gwaram ranar Litinin, daga can a tura ni wajen Dingaya. Ranar kasuwa na fita ni kaɗai, ban gaya wa kowa inda za ni ba. Niyyata ɗaya ce: in sayi rigar da ba za ta shiga kowa a gidanmu ba sai ni.

Akwai wani Alhaji mai sayar da ƙananan kaya, ɗan garinmu ne amma daga Kano yake ɗauko kayansa. Na ce masa rigar shat nake so, mai dogon hannu, wadda ba ta fi ƙarfina ba. Ya fara da wata fara mai sheƙi, na ce ƙasar gona za ta kashe ta a kwana biyu. Ya ɗauko mai zanen dara, na ce ba mawaƙi ba ne ni. Sannan ya jawo wata daga ƙasan tulin, shuɗiya mai haske, a cikin ledarta. Yadin yana da ɗan kauri. In ka matso da shi kusa da ido za ka ga farin zare da shuɗi ne aka saƙa tare. Bakin kwalar yana da 'yan ƙananan maɓallai biyu da suke riƙe shi, kada ya tashi. Alhaji ya ce Okusfod ake ce wa irinta, tana jure wanki, kuma in ta tsufa laushi take ƙarawa.

Na ce ya ba ni ƙaramar. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, kuɗinsu fa ɗaya da babbar. Wa yake barin yadi a kasuwa? Ɗauki babbar, ka ci riba."

"Ƙaramar nake so, Alhaji."

"Za a ce yadi ne ya ƙare maka."

"A faɗa."

Na shiga bayan labulensa na gwada. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai inda kafaɗata ta ƙare. Hannun ya tsaya a wuyan hannuna, bai wuce ba. Gefen ya bi jikina, ba ya matse ni, ba ya kuma lilo. Alhaji ya miƙo mini wani tsagin madubi. Wallahi ranar na fara sanin siffar jikina, ashe ni ma mutum ne mai kafaɗa. Na dawo gida na goge ta da dutsen guga, na rataye ta a ƙusa a ɗakinmu na soro, na lulluɓe ta da tsohon zane. Yaya ya ɗaga zanen ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wannan ta ɗan makarantar firamare ce?" Na yi murmushi kawai, raina fes.

Ranar Asabar na tafi gonarmu ta wajen Kiyako, don in kammala abin da ya rage kafin in bar gari. Na dawo da la'asar na tarar da rigar a kan igiya a tsakar gida. Daga nesa na ga kamar ba ita ba. Da na matso sai na ga an farke ta ta gefe biyu, daga hammata har ƙasa, an jona mata farin ƙyalle mai faɗin tafin hannu a kowane gefe. An buɗe hannuwan ma an ƙara musu. Maɓallin wuya an matsar da shi, ya bar rami.

Inna tana tankaɗe a gindin bishiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yayanka ne ya kai wa tela ya gyara ta. An ce direbobi su kawo hoto na sabuwar takardar mota. Ka ga yanzu ta zama riga, kowa zai iya sa ta."

Hoto! Ɗan hoton fasfo, wanda daga ƙirji zuwa kai kawai yake ɗauka. Don kwala ta fito a ɗan hoton da bai kai akwatin ashana ba aka yanka mini riga. Kuma gyara aka kira shi. Ba wanda ya ga ya kamata a tambaye ni, domin a wajensu ba a yi mini komai ba, alheri ma aka yi.

Ina nan tsaye Yaya ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Ka gani ko? Telan nan ya iya aiki. Da ka fita da ita yadda take, ai da an ce gidanmu yunwa muke yi."

Idona ya rufe. Na shiga ɗaki na ɗauko reza, na zauna a kan turmi a gabansu, na shiga farke ƙyallayen nan zare bayan zare. Garin haka har na yanke yatsa. Ina farkewa ina magana, abin da na haɗiye shekara da shekaru duk na amayar da shi. Na ce da gangan na sayi ƙarama. Na ce na gaji da zama igiyar shanyar wani. Na ce ko maɓalli ɗaya a gidan nan ban taɓa cewa nawa ba ne.

Inna ta ajiye rariya. "Yayan naka kake gaya wa haka? Shi da bai taɓa hana ka nasa ba?"

"Nasa na me, Inna? In sa in yi ta iyo a ciki?"

Yaya ya ajiye tsumman. Ya tsaya yana kallona kamar baƙon da ya shigo neman ruwa, sannan ya juya ya fita.

Washegari na kai ta wajen wani tela a can ƙarshen gari, ya mayar da gefen. Amma telan farko ya riga ya datse bakin yadin, don haka ta dawo ta matse ni a hammata, ga layin hujin allura a bayyane. Haka na sa ta na tafi Gwaram ranar Litinin, ina takatsantsan da ɗaga hannu. Ba wanda ya kula da ita a ofis. Ni kaɗai na san abin da na sa.

Sai bayan wata biyu na zo gida daga Dingaya. Na yi sallama, na gaida Inna, na nufi ɗakin soro da jakata. Yaya ya kwashe kayansa kaf ya koma wani ɗaki a cikin gida. Ta taga na hango an share ɗakin, an jera takalmana, an sa wa ƙofar sabon kwaɗo. A gidan da ko akwatin Inna ba a taɓa kullewa ba.

Yaya ya fito ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da yake yi wa manyan fasinjoji. Ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Dingaya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini mukulli biyu a zare ɗaya.

"Ga su duka, Malam. Ba mu riƙe ko ɗaya ba."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi, domin ni aka yanka wa riga, kuma ba wanda ya taɓa ce mini yi haƙuri. Riga guda na nema, sai suka ba ni ɗaki da ƙofa. Na karɓi mukullan na buɗe na shiga. Ina jin su a tsakar gida suna zuba tuwo suna hira, can sai Inna ta ce a kawo mini nawa ɗaki.