Baƙin Sama Cikin Atamfar Kamfe

Ni dai tun a wurin ban yarda da tafin matar nan ba. Amma bari in faro daga tushe.

A shekarar ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a cikin garin Daura, da ƙafa nake zuwa. Kusancin nan shi ne komai nawa, don Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ke juya ta, ni ke ba ta magani, in an tashi tara in ruga in leƙa ta in dawo. Duk abin da zai ɗaga ni daga makarantar nan, daga Inna zai raba ni.

Sai shugabar makaranta ta ce in shirya wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka. Na zauna na tsara wasu halittu daga wata duniya, sun sauka kusa da Kusugu a jirgi mai kama da faifai, an aiko su su binciki ɗan Adam. Suka ga ba a rabon sabulu sai shekarar zaɓe, suka aika gida cewa mutanen nan sai zaɓe ya zo suke wanka. Suka ga famfon da aka yi bikin buɗewa ba ya ko ɗigo, suka ce kayan ado ne, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya. Suka tare wani suka ce wa ke mulkinku, ya ce su dakata tukuna, maganar tana kotu. Ban kama sunan kowa ba, ban kwaikwayi tafiyar kowa ba.

Tunda baƙin nawa koraye ne, na ce 'yan wasan kowacce ta zo da koren zani daga gida. To wane koren zani ne ke kowane gida a shekarar? Atamfar kamfe mana, wadda aka bi gida-gida aka raba, mai ɗauke da fuskar ɗan takarar da ya ci, wanda yanzu sai dai a ce mai girma. Ba mai ɗaura ta zuwa biki, shimfiɗar goyo ake yi da ita da shanyar gari. Da na gani gabana ya faɗi, amma telar unguwarmu ta ce a ɗinka ta a baibai, a kuma juya samanta ƙasa, ba mai ganewa. Muka gwada a cikin aji, ba a ga komai ba.

A fili aka yi bikin, bayan la'asar, rana tana bayan 'yan wasa. Atamfar kamfe kuwa shara-shara ce kamar rariya. Baƙin nawa na fitowa sai ga fuskar mai girma tar a cikin kowacce, kai a ƙasa, haɓa a sama, yana murmushi. Babbar baƙuwar ranar kuwa, a kujerar gaba, uwargidansa ce.

Fili ya yi tsit, sai dariya ta ɓarke daga baya. Hajiya ta fi kowa tafi. Da aka tashi ta sa aka kira ni, ta riƙe hannuna.

"Malama, ke kika tsara wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ai irinku ba a barin su wuri ɗaya, ya kamata wasu ma su amfana. Ya jikin Inna?"

Na ce da sauƙi. Ban taɓa haɗuwa da matar nan ba. Wa ya gaya mata ina da uwa kwance?

Daga ranar kowa ya zama abin zargi a wurina. Telar nan, ashe mijinta ɗan jam'iyya ne a mazaɓarmu; da gangan ta ce a juya, ko ita ma ba ta san halin rana ba? Shugabar makaranta, me ya sa ta mayar da bikin fili bayan an ce a zaure za a yi? In na shiga ofishin malamai sai hira ta koma ta tsadar taki. Har gaisuwa na tsana, wallahi, wanda duk ya ce min sannu da ƙoƙari sai in tsaya ina auna muryarsa. Na ce zan je in ba Hajiya haƙuri, yayana ya ce, "In kin je kin amsa laifi, in kin ƙi kin raina ta. Zaɓi ɗaya."

Makonni suka wuce shiru, har na fara jin kunyar zargina. Ana gab da hutu shugabar ta kira ni, ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi min ba. Ta ce barka, an ƙara min girma, na zama mataimakiyar shugaba a wata makaranta can gaba da Mashi, bakin iyaka, inda sai a babur ake ƙarasawa. Ƙarar wa zan kai, in ce an zalunce ni da ƙarin girma?

Kafin in isa gida labari ya riga ni, matan maƙwabta sun cika ɗaki suna barka. Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya tana sa wa Hajiya albarka da bakinta da ba ya fita sosai, ta ce in ce amin. Na ce amin.

Da suka watse Inna ta ce, "A nan cikin gari ne ko?"

Na ce mata ba nisa. Na fita tsakar gida na tsaya, ina tunanin wadda zan fara roƙa ta riƙa kwana da ita.