Ranar da Na Ƙona Tsutsotsin 'Yata

Ko zan manta komai, ban da daminar da 'yata ta fari take ajin ƙarshe a jami'a. Ruwa ya sauka da wuri a Mubi, ƙudaje suka yi yawa, kullum ina cikin shara da wanke-wanke.

Wata safiya wari ya ja ni bayan madafarmu a unguwar Lokuwa. Na tarar da robobi uku an rufe su da gidan sauro, cikinsu ruɓaɓɓiyar hanta, tsutsotsi suna ta motsi. Ta taɓa gaya mini aikinta na kammala karatu a kan ƙuda ne, amma ni yaƙi da jahilci na yi, a sanina aikin makaranta cikin littafi yake. Na tafasa ruwa na sheƙa musu.

Da ta dawo ta gani, sai ta zauna a ƙasa. Can ta ɗauko cokali tana tsamo su ɗaya-ɗaya.

"Mama, kin kashe su daidai," in ji ta. "Haka ake yi don su miƙe."

Na yi hamdala, sai kuma na ga hawaye. Wai rabi ake kashewa, a bar sauran su zama ƙuda, in ba haka ba ba za a san 'ya'yan wa ba ne. A gonar kawunta a ƙauyen Vimtim ta kamo uwarsu, irin da ba kasafai ake samu ba, ga shi sati uku malaminta ya ba ta.

Ta miƙo mini gilashin ƙara girma. Na ga baƙaƙen ƙugiyoyi biyu a bakin tsutsar, hancinta kuwa wai a baya yake, cikin wani ɗan rami. Da su ake gane wane ƙuda ne ɗan'uwan wane, da inda kakanninsu suka rabu.

Na ce, "Ƙuda ma yana da dangi?"

"Har da asali, Mama."

Har yau ban gane ba. Abin da na koya shi ne in yi tambaya kafin in ɗora ruwa a wuta. Amma da ta kwatanta mini uwar tasu, na san ta: mai ruwan toka da jan ido, wadda ba ta ƙwai, tsutsa take saukewa da rai. Na sha korar danginta daga kan nama.

Washegari na sayi hanta, na hau babur zuwa Vimtim. Na ajiye hantar a gonar, na zauna a inuwa ina korar koren ƙuda da gyalena, ina jiran mai jan ido ta sauka.