Minti Bakwai a Zauren Dagaci

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu uba ba ya yi wa ɗan fari magana kai tsaye. Ba ƙi ba ne, kunya ce ta Fulani da muka gada tare da shanu. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce randa kamar ta yi ƙasa, ni kuma in tashi in ɗauki tulu. In maganar ta fi haka nauyi, sai ya faɗa wa ƙaninsa Baffa, Baffa ya kawo mini. Haka na girma a ƙauyenmu da ke bayan Jahun, kai a sunkuye, har na yi boko na gama ban iya jera jimla uku a gaban mutane ba.

Da aka ƙirƙiro jiha, aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse. Ni ƙaramin akawu ne a lokacin, mu huɗu a ɗaki ɗaya, mu shida a tebur ɗaya. Wata rana a taron ofis oga ya ce in tashi in yi bayanin wani fayil da ni na rubuta shi da hannuna. Na miƙe, na ce "wato", na sake cewa "wato". Oga ya ce in zauna kafin in faɗi. An yi dariya, ba ma da mugunta ba, amma na yi mako guda ina jin ta a kunnena. Ban iya zama wuri ɗaya, ban gama cin abinci, kullum ina maimaita bayanin da ya kamata in yi.

Wani abokin ɗakina ne ya ja ni ƙungiyar koyon magana. Kowace Asabar bayan la'asar ake haɗuwa a wani ajin firamare a unguwar Takur, a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ba mu wuce goma sha biyu ba: akawuna, malaman makaranta, da wasu mata biyu ma'aikatan asibiti da suka fi mu duka baki. Shugabanmu tsohon ma'aikacin watsa labarai ne, mai murya kamar rediyo sabon batir. Dokokinsa uku ne, ya rubuta su a allo da alli. Ka miƙe tsaye. Ka dubi mutane ido cikin ido. Kada ka ƙarar da lokacinka a gaisuwa, tafi kan magana.

Sai kuma mai gwangwani. Malamin lissafi ne, siriri, ba ya dariya. Yana zama a gaba da agogo da gwangwanin madara da tsakuwa cike da aljihu. Duk sanda mai magana ya ce "wato" ko "ka gane" ko "e to", sai ka ji ƙwal, ya jefa ɗaya. Ranar farko da na tashi, sai da tsakuwarsa ta ƙare ya fita ya ƙaro.

Abin ya shiga jinina fiye da kima. Da asuba in hau duwatsun bayan gari in yi wa bishiyoyin dabino jawabi. A kan babur ina magana ni kaɗai, har masu shayi suka fara nuna ni da baki. Na koyi ɗaga kai, ko da yake ranar da na fara kallon shugaba cikin ido sai na ji kamar na zagi wani. Cikin wata shida gwangwanina ya koma tsakuwa biyu, uku. Daga nan kuma sai wata cuta ta kama ni: na fara ƙirga wa kowa tsakuwa a zuci. Oga a ofis, mai wa'azi a tasha, har liman ran Juma'a, Allah ya yafe mini. Ina ganin duk garin ba wanda ya iya magana sai mu goma sha biyun nan.

Ana cikin bazara, manoma na sharar gona, sai ga Baffa a bakin ofis ɗinmu da sandarsa. Bai taɓa zuwa Dutse ba sai ranar. Bayan mun gaisa ya ce maganar burtali ce ta kawo shi. Burtalin shi ne hanyar da shanun Baba ke bi tsakanin gonaki zuwa tafki da damina, kuma babu wata sai ita. Wani maƙwabcinmu manomi, sa'an Baba, ya yi shekaru yana ɗan matso da gonarsa, har hanyar ta zama saniya da ɗan maraƙinta ba sa jerawa. Daminar da ta wuce shanu suka taɓa masa gero, rai ya ɓaci. Yanzu dagaci ya sa ranar Alhamis a zauna.

"In hanyar nan ta toshe," in ji Baffa, "yayana zai kora shanun nan dajin ƙasar Bauchi, wajen danginmu. Ka kuwa san shekarunsa. Ya ce a ce maka ka zo ka zauna."

Ban tambaye shi in zauna in yi me ba. A raina na riga na gama lissafi: Baba ya tuna yana da ɗa ɗan boko, ga shi Allah ya sa ɗan ya iya magana. Karo na farko ke nan da ya nemi wani abu a wurina da ya wuce ɗebo ruwa. Na raka Baffa tasha ina ji kamar in riga motar isa gida.

Asabar ɗin na kai maganar ƙungiya. Shugaba ya ba ni minti bakwai, ya ce in ɗauka su ne dagaci da jama'arsa. Na fara da Allah ya ja zamanin dagaci, ina shirin bin dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Malam, ka cinye minti ɗaya ba ka ce komai ba. Yanke. Kuma in ka zo kan wanda ya ci hanyar, nuna shi, kowa ya san da wa kake."

Na yanke, na nuna. Sau uku na maimaita, a na ukun gwangwani bai yi ƙara ba. Shugaba mutumin kirki ne, kuma abin da ya sani ya koya mini. Ni ne na san zauren dagacinmu, ni ne kuma ban ce masa komai ba.

Ran Alhamis da hantsi zauren ya cika. Na tuɓe takalmi a ƙofa, na zauna bayan Baba a gefen tabarma. Aka shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, ya zafi, ya jiran ruwa. Ni kuwa ina ta duban agogon hannuna. Da aka ba Baba dama, ya gyara durƙuso, idonsa a ƙasa, muryarsa can ciki. Ya ce e to, su dai maƙwabta ne tun iyaye, dabba kuma ba ta da hankali, wato abin da ya faru bara bai ji daɗinsa ba. Bai ambaci burtali ba ko sau ɗaya. Ina bayansa ina ƙirga masa tsakuwa. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau, na ƙirga wa mahaifina tara.

Manomin ya karɓa, shi ma kansa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni dai duk abin da manya suka gani, ai ba zan ƙi ba."

Ni a kunnena kwana-kwana ce kawai. Na ga kamar za a tashi ba a faɗi komai ba, hanya ta tafi a banza. Sai na miƙe.

Na tsaya a kan ƙafafuna a zauren da kowa ke ƙasa, kaina sama da rawanin dagaci. Na yi sallama a taƙaice, na dube shi cikin ido, na shiga magana. Na faɗi faɗin burtalin a da, da faɗinsa yanzu. Na ce hanyar shanu hukuma ta san da ita, ba alfarmar kowa ba ce. Na miƙa yatsa na nuna manomin, mutumin da ya sha ba ni gyaɗa ina yaro, na ce wannan shi ne ya ci hanya. Ina jin Baffa na jan gefen rigata, na ɗauka ƙarfafa ni yake. Muryata ba ta yi rawa ba. Na rufe daidai minti bakwai, na zauna ina jiran abin da ban sani ba, wataƙila tafi.

Dagaci bai dube ni ba, wajen Baba ya juya.

"Malam, ashe da gwamnati kuka zo. To mu ƙanana ne, wannan ta fi ƙarfin zauren nan. A kai ta Dutse."

Manomin ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa, ya ce in takarda ce shi ma yana da ɗa a Kano. Aka shafa fatiha aka watse.

A hanyar gida Baba na gaba, bai waiwayo ba. Baffa ne ya rage tafiya har muka jera.

"Kai yaro, maganar nan an gama ta tun mako biyu. Sau uku yayana yana zuwa gidan mutumin nan da sassafe. Ya yarda zai ja baya taku huɗu. Zaman yau don a ce dagaci ne ya roƙe shi ya bari, kada a ce Bafulatani ya ƙwace. Kai kuma an kira ka ne a ga ɗanmu na Dutse ya zo ya durƙusa kamar kowa. Shi ke nan aikinka."

Mako uku ban zauna ba. Na rubuta takarda na kai ƙaramar hukuma, na bi ta ofis ofis, alhali ni akawu ne, na san inda irin takardun nan ke kwana. Na je gidan manomin na durƙusa har ƙasa, ya amsa gaisuwata da kyau, ya sa aka kawo mini fura, ya ce ai magana tana Dutse. Na je wurin dagaci aka ce ya shiga gida. Kafin ruwan shuka ya sauka, an jera ƙaya a bakin burtalin.

Wata Alhamis ɗin Baba ya tashi. Na zo na tarar yana kwance igiyar maruƙa, an ɗaure ƙwarya da tabarmi a kan jaki. Na tsuguna nesa kaɗan. Ya gama naɗe igiyar, ya dubi Baffa.

"A gaya wa mutumin Dutse mun ji jawabi. Ya iya."

Da da gatse ya faɗa, da na fi samun sauƙi. Babu gatse a muryarsa. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kira shanun, suka bi shi.

Ran Asabar na kasa zaman ɗaki. Na fita ba da niyyar zuwa ko'ina ba, ƙafata ta kai ni Takur. Ina shiga shugaba ya tsayar da mai magana, ya ce ga ɗan zauren dagaci ya dawo, a ba su labari. Mai gwangwani ya gyara zama.

"Minti nawa ka yi?"

Na ce bakwai.

"Tsakuwa fa?"

Na ce ko ɗaya.

Suka tafa mini, har matan nan biyu, har shi mai gwangwanin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ina tsaye ina kallonsu ido cikin ido yadda aka koya mini. Ranar kwanan Baba biyu a hanya, da ƙafa, bayan shanu.