Inuwar da ke Ƙarƙashin Haɓar Bitrus

Shekara goma sha tara Istifanus ya yi yana haɗa launi a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Da aka rage ma'aikata, sai ya kama shago a unguwar Television, yana rubuta allunan shaguna da zanen fuskoki. Hannunsa na da kyau, sai dai taurin kai. In ya ce abu ja ne, to ja ne, ko da kowa ruwan goro yake gani.

Zaɓen 1999 ya buɗe masa kasuwa. Kowane ɗan takara so yake ya ga kansa a bango. Istifanus kan shafa baƙin fenti ƙarƙashin hula da haɓa, ya ce inuwa ke nan. Ba wanda ya taɓa ƙorafi, tunda su girman hoton kawai suke dubawa.

Ana saura mako biyu soja su miƙa mulki, wata mata mai suna Dorcas ta kawo masa ɗan hoton fasfo marar launi na mijinta Bitrus, mai gyaran rediyo, wanda ya rasu shekarar da ta gabata. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage. Tana son babba mai launi, domin 'yarsu Janet, wadda ke goye lokacin rasuwar, ta san fuskar ubanta.

Ya zana yadda ya saba. Dorcas ta zo, ta duba, ta kawar da kai.

"Idon nasa ne, hancin ma nasa ne," in ji ta. "Amma haka na gan shi a akwatin gawa. Ba zan nuna wa yarinya wannan ba."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, har ya kasa gardamar da ya saba. Washegari ya tafi rumfar marigayin, inda Haruna, wan Bitrus, ke riƙe da aikin. Shuɗin tamfol a sama, jan ƙasa a ƙasa, rana na shigowa ta gefe. Ya zura wa Haruna ido har mutumin ya tambaye shi ko lafiya. Inuwar haɓarsa ja-ja ce saboda ƙasar, ta goshinsa kuma shuɗi-shuɗi. Baƙi ko ɗis babu. Kunya ta kama Istifanus, domin tun a masaƙa ya san atamfa kan sauya launi in an fito da ita rana, amma bai taɓa kawo wa inuwa haka ba.

Ya kankare baƙin, ya yi kwana uku yana gyara.

Ranar da Dorcas ta dawo, ta tsaya gaban hoton ta ƙura masa ido. Istifanus ya tambaya ko akwai sauran gyara, ba ta ma ji shi ba. Da hoton take magana, a hankali.

"Baban Janet, sau nawa zan ce maka ka matsa daga ranar nan?"