Wuƙar Baba

Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da wuƙar Baba, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni a Agege. Har yanzu ƙotarta tana warin kitse.

Ina saurayi na faɗa hannun wasu masu wa'azi, na dawo ina kafirta kowa. Ranar wani suna na ce ba na cin yankan Baba, wai sallarsa ba salla ba ce. 'Yan'uwa suka taso za su dake ni.

Baba ya tofar da goro, ya miƙo min wuƙa. "To, Malam, zo ka yanka. Mu ma ci naka."

Shi ya danne min ragon, na yanka. Daga ranar duk kazar gidan ni ke yankawa, kuma dole a ci da ni. Da wuya ka kafirta wanda kuke cin kwano ɗaya. A hankali abin ya sake ni.

Yanzu ɗana ya daina bina salla. Na gaji da faɗa. Na wasa wuƙar, na sayo kaza.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya ba ni ko rabin haƙurinka.