Dakuwar da Nomau yake kai wa Hasiya

A ƙauyenmu da ke gefen Agiye, kowa ya san Nomau manomin aya da taurin kai. Ko jakinsa ya fi shi jin lallashi. Mutum ɗaya ce bakinsa bai taɓa iya ce mata a'a ba, matarsa Hasiya. Tun tana amarya take son dakuwa, shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya ƙullo mata a bakin aljihu.

Da girma ya zo, ciwon suga ya kama Hasiya. Likita ya ce ta bar zaƙi in tana son ranta. Nomau ya gyaɗa kai kamar ya ji, ranar kasuwa kuma sai ga shi da ƙullinsa.

'Yarsu Suwaiba, wadda take aure a unguwarmu, ta tare shi a zaure. "Baba, don Allah ka daina biye mata. Kashe ta za ka yi."

Ya ce, "Ɗan guntu ne fa. In na shigo hannu wofi, wane ido zan dube ta da shi?"

Hasiya kan karɓa da hannu biyu, ta ce, "Malam, Allah shi saka," ta shige ɗaki. Mu maƙwabta mun yi ta zaginsa a bayan ido, har da ni.

Bara da damina ciwon ya ci ƙarfinta, ta rasu. Suwaiba ta daina duban fuskar ubanta. Tuwo ma sai ta ajiye masa a ƙofa ta juya. Nomau bai kare kansa ba, don shi ma ya yarda cewa da hannunsa ya kai matarsa kabari. Ya rame ƙwarai, abin tausayi.

Bayan arba'in muka taru rabon kayan ɗaki. Suwaiba ta buɗe babbar kwallar da ke can ƙasan jere, sai ta zauna daɓas. Dakuwa ce maƙil, ƙulli kan ƙulli, ta bushe kamar tsakuwa. Tun ranar da likita ya hana, Hasiya ba ta kai ko guntu bakinta ba.

Suwaiba ta ɗauki kwallar tana kuka, ta durƙusa gaban ubanta. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa ƙulli ɗaya da yatsa.

Ya ce, "Ashe ita ce take biye mani."