Takalman da Iliyasu Bai Taka Ba

Attahiru mai gyaran rediyo ya yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, a Madawa kafin ubansa ya cire shi ya mayar da shi gona. Da Faransancin shekara huɗun nan ya zama mai fassarar talbijin a Tungar Baushe, wani ƙauye a ƙasar Sabon Gida. Babu wanda ya fi shi jin harshen a garin sai mushen lakwal, wato malamin makarantar, shi kuwa mushe ya ce ba aikinsa ba ne.

An kawo talbijin ɗin a 1982, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da batir, da wani faifai mai shan rana da aka kafa bisa rufin gidan Samariya, ƙungiyar samarin gari. Aka ba Attahiru makulli. Bayan sallar magariba yakan buɗe akwatin, mutane su shimfiɗa tabarmi, shi kuma ya tsaya a gefe da sanda yana nuna wanda ke magana. Kafin labaru akan sa wani wasa na hotuna zanannu masu motsi, mutanen ciki duk idanunsu kamar faifan fura. Garin ya sa musu suna 'yan manyan ido. Mushe ya ce a Japan ake zana su, a Faransa ake sa musu murya. Don yara aka yi shi, amma tsofaffi ne ke riga kowa kama wuri.

A cikin kalma biyar Attahiru yakan kama ɗaya. Sauran huɗun da ido yake cike su, saboda da zarar bakin wani ya motsa sai a tambaye shi daga tabarmi, “Attahiru, mi yac ce?” Dole ta sa ya koyi kallo. Ya lura cewa a wasan nan ba a tsayawa a faɗi wane ne wane. Mutum yakan shigo yana cikin wani aiki, yana satar abinci ko yana neman hularsa alhali tana kansa, kafin ya buɗe baki ka riga ka san halinsa. Ya sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ya fara rubuta irin waɗannan abubuwa da bokon Hausa, ba don yana da abin da zai yi da su ba.

Yana da yaya guda, Iliyasu, wanda ya rasu a yunwar 1974. Iliyasu ya yi kudu neman hatsi tare da wani manomin albasa mai suna Muntari, ciwo ya kama shi a hanya, aka binne shi a wani ƙauye kusa da Kwanni. Matarsa Husaina ta zauna a garin da 'ya'yanta, tana sayar da fura. Tsakaninta da Attahiru akwai wasan ƙanin miji, kuma mutuwa ba ta kashe wasan ba. Kowace safiya in za ta wuce rumfarsa sai ta kira shi rago, ta tambaye shi rediyon wa ya ƙarasa kashewa yau. Shi kuma ya ce furarta ruwan rijiya ce aka nuna wa gero daga nesa. Shekara goma sha ɗaya suna haka.

A 1985, bayan farin da ya sake afka wa ƙasar, aka aiko wa kowace Samariya cewa ta shirya wasan kwaikwayo a kan fari. Sarkin samari ya ce ai Attahiru kullum yana gaban talbijin, shi zai tsara. Attahiru ya tsara labarin yayansa, kuma ya tsara shi yadda ake yin wasa a lokacin. Sarkin samari ya riƙe lasifika yana gabatar da kowa. Duk wanda ya shigo fili sai ya gaida na ciki, a tambayi gida da gajiya da dabbobi, kafin a koma kan labari. Kayen nan yana rumfa, bai buɗe shi ba. A ganinsa abin yara daban, mutuwar yayansa daban.

Almu wanzami aka ba matsayin Iliyasu, don shi ya fi kowa murya. Abin da Attahiru bai sa a lissafi ba shi ne dangin uwar Almu. Kawunnansa tara ne, kowanne da gida cike, saboda haka kusan rabin garin taubasansa ne, kuma taubashi ba ya ganin taubashinsa kwance a ƙasa ya wuce bai ce komai ba. Ranar wasan, bayan la'asar, sarkin samari ya sanar cewa wannan Almu ne amma yau Iliyasu ne, mutumin kirki. Aka yi dariya. Da aka zo wurin mutuwa, Almu ya kwanta a tsakiyar fili ya yi jawabi mai tsawo a kan hamada da sare itace, sannan ya miƙe ƙafa. Wata taubashiyarsa ta ce a duba aljihunsa kafin a wanke shi, askarta tana ciki. Wani ya taso ya cire masa hula ya ce gado ne. Ana cikin haka cinnaka ya sami gawar a ƙugu, gawar ta yi haƙuri iyakar iyawarta, sannan ta sosa.

An ce har a gonakin bakin fadama an ji dariyar. Husaina tana zaune a layin mata na gaba. Ta naɗe tabarmarta ta tafi gida.

Washegari ta tsaya a bakin rumfarsa ta ɗan rusuna. Ta ce, “Ina kwana, Malam Attahiru. An tashi lahiya?” Ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta jira ya amsa kowanne, ta wuce. Haka ta yi jibi, haka ta yi bayan wata shida. Ya gwada maganar ruwan rijiya sau biyu, ta ce za ta gyara in Allah ya so. Bai taɓa samun girmamawa irin wannan daga kowa ba, kuma har abinci ta hana shi ci.

Cikin damina ta gaba 'yan manyan ido suka zo da wani tsoho mai yawo da butar shayi ɗaure a ƙugu. Ana jin ƙarar butar kafin a gan shi. Yakan faɗa rami, yakan yi faɗa da akuya, yaran cikin wasan suna jin ƙwal-ƙwal sai su ruga su tarye shi. Mako bakwai Tungar Baushe tana dariyar tsohon nan. A mako na takwas aka ji ƙarar butar, yaran suka ruga, sai ga wani mutum daban riƙe da ita a hannu. Hoton ya tsaya a kan butar. Babu kiɗa, babu magana. Attahiru ya ƙirga a zuci har goma sha huɗu.

Wata tsohuwa ta ce a hankali, “Mi yac ce?”

Ya ce, “Bai ce komi ba, Inna.”

Ba wanda ya sake tambaya. Da aka tashi, Attahiru ya rubuta a kaye cewa ba a nuna tsohon yana mutuwa ba, kuma ba a hana kowa dariya ba, an bar su sun yi ta har ta zama ita ce abin da ke yi musu ciwo. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: takalman Yaya.

Duk wanda ya haura shekara ashirin a garin ya san takalman. Iliyasu ya saye su a kasuwar Madawa, na taya ne, masu kauri, kuma tun ranar bai yarda sun taɓa ƙasa ba. Yakan riƙe su a hannu ya bi duwatsun ƙasar Adar da ƙafa, yana cewa ƙafa tana warkewa, takalmi ba ya warkewa. Sai ya iso bakin taro yake sa su, ya gaisa, ya cire. Da Muntari ya dawo shi kaɗai a 1974, su ya kawo.

A 1986 aka ce kwamiti zai zo daga Madawa ya zaɓi wasannin da za su shiga gasa. Attahiru ya ce zai sake yin na Iliyasu. Sarkin samari ya tambaye shi ko wulaƙancin bara bai ishe shi ba. Attahiru ya ce ya ishe shi, shi ya sa. Ya karɓe lasifikar, ya soke gaishe-gaishe, ya soke jawabin hamada. Almu ya yi fushi da aka ce ba zai mutu a fili ba, don a cewarsa mutuwar ce ya fi iyawa. Aka lallashe shi da faɗa da jaki da cinikin gero. Attahiru ya je wurin Husaina aron takalman, ta rusuna ta ce Malam Attahiru ya yi haƙuri, akwai irinsu a kasuwa. Ya je kasuwa ya sayo.

Muntari ne ya fi wuya. Mutum ne da ba ya zuwa kallon talbijin, kuma a shekara goma sha biyu bai ba kowa labarin tafiyar nan ba. Attahiru ya same shi a fadama yana ban ruwa, ya ce ba wasa yake so ya yi ba, abin da ya yi a ranar kawai zai maimaita. Muntari ya tambaya ko akwai magana a ciki. Aka ce babu. Ya ce to, ranar ma babu.

Aka yi wasan ranar kasuwa bayan la'asar, mutum uku na kwamiti suna kan kujerun lakwal. Husaina ta zo, amma ta zauna can baya kusa da hanyar fita, ba ta ko shimfiɗa tabarmar ba. Babu wanda ya sanar da komai. Sai ga Almu ya fito daga bayan zana yana ɗingishi bisa tsakuwar da aka zuba, yana hura tafin ƙafa, takalma sababbi a hannunsa yana kare su daga rana da gefen riga. Kafin ya kai tsakiyar fili wani dattijo ya ce, “Wanga Iliyasu na,” dariya ta tashi. Taubasai suka yi aikinsu, Attahiru ya bar su. Almu ya yi faɗa da jaki, ya ɗora takalman a ka ya tsallake kwata, ya ƙi ba surukinsa aronsu ranar suna. Sannan rumbu ya ƙare, ya yi sallama da matarsa ta wasan, ya sa takalman don ya gaida maigari, ya cire, ya bi bayan zana. Daga can samari biyu suka wuce da shi ɗakin da ake ajiye batirin talbijin suka sa kwaɗo, don an san zai leƙo.

Filin ya zauna babu kowa. Mutane suka fara kiran Almu da sunayen da suka ga dama. Sai Muntari ya shigo ta inda Almu ya fita, da rigarsa ta fadama, takalman a hannunsa. Wani ya fara dariya, ya duba bai ga abokin yi ba, ya bari. Muntari ya taka har ƙofar zanar da aka yi gidan Iliyasu da ita, ya tsuguna, ya ajiye su a jere, ya zauna a ƙasa kusa da su.

Attahiru yana bayan zana yana ƙirga. Ya yi niyyar goma sha huɗu. Ya kai arba'in babu wanda ya yi tari, sai kukan wata akuya daga kasuwa. Taubashiyar nan mai aska ta ja mayafi ta rufe fuska. Da Attahiru ya leƙa baya, Husaina tana tsaye, tabarmar a hammata, ba ta tafi ba. Ba ta tafi ba har aka watse, sannan ta wuce gida.

Da safe Attahiru yana kwance murfin bayan wata rediyo sai inuwa ta rufe masa haske. Aka jefo wani ƙunshin tsumma bisa teburin, har sukurori suka watse.

Husaina ta ce, “Kai rago. A hagu yayanka ka riƙe su, dama ta sanda ce. Shekara nawa kana bin shi gona ba ka gani ba? Kuma waɗanga da ka sawo, ko jaki ba ya sa su.”

Ya kwance ƙunshin. Takalman Iliyasu ne na ainihi, ƙasansu ko ƙwarzane babu. Ya ce ai da ta ba shi tun farko da ba a yi wannan kuskure ba, amma mai sayar da ruwan rijiya ba ta saba ba da abu mai kauri ba. Ta ce in Almu ya kuskura ya zura ƙazamar ƙafarsa a ciki fiye da gaisuwa ɗaya, kunnen Attahiru ne zai biya.

An zaɓi wasansu ya shiga gasar, amma a Madawa sun zo na huɗu cikin shida. Samariyar garin Bangi ce ta ci, da wasa a kan dashen itace. Kwamiti ya rubuta cewa wasan Tungar Baushe ba shi da jawabi, kuma akwai wuri a ƙarshe da 'yan wasa suka manta abin da za su faɗa. Attahiru ya manna takardar a cikin kayensa.

Ya ci gaba da riƙe makullin talbijin har 1989, lokacin da batir ya mutu ba a aiko wani ba. Ranar da suka dawo daga Madawa kuwa, kafin ya shiga gidansa sai da ya kai wa Husaina takalman. Ta karɓa, ta juya su, ta duba ƙasansu a rana ɗaya bayan ɗaya, ta ce an taka na dama.